Ranar da Hajiya ta kore ni na tafi Kurukshetra

Sati biyu muna Delhi ana ta gwaje-gwaje, an sa Litinin za a yi wa Hajiya aikin zuciya, ni kuma na kasa zaune na kasa tsaye, in leƙa ɗaki in fito in bi nas da tambaya, har dai ta gaji tace "kai don Allah fita ka sha iska, kana ƙara min hawan jini, ga ƙanwarka nan." Mai gidan da muka kama haya ɗan jihar Haryana ne, dama Asabar zai je gida, yace in zo mu tafi.

Jirgin ƙasa muka hau daga tashar New Delhi, tafiyar kilomita kusan 160 ce, wajen awa biyu, ga hazon Disamba ya rufe gonakin alkama, sanyi kuwa na Jos wasa ne.

Ni ban san komai kan garin Kurukshetra ba sai a hanya. Wai nan ne filin yaƙin Mahabharata, tsohon labarin mabiya addinin Hindu, 'yan'uwa biyar suka kara da 'ya'yan baffansu su ɗari kan sarauta, kwana 18 ana gwabzawa. Ana dab da farawa sai jarumin cikin biyar ɗin, Arjuna, ya hango malaminsa da kakansa a sahun abokan gaba, ya yar da baka yace shi ba zai iya ba. Amsar da Krishna, abin bautarsu da ke tuƙa masa keken doki, ya ba shi ita ce littafinsu Bhagavad Gita, baiti 700. Sun ce a Jyotisar aka yi zancen, can bayan gari kaɗan, ƙarƙashin wata bishiya mai kama da cediya.

Ban shiga inda suke bauta ba, na tsaya wurin ajiye takalma. Wani dattijo ne ke karɓa yana jerawa, takalmin kowa da kowa, har na yara masu taɓo, da hannunsa. Na ciro rupi 50 na miƙa masa ganin sanyin da yake sha, wallahi sai ya ja baya kamar na miƙa masa garwashi. Ashe tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da fansho, wannan "seva" ce, hidima ba lada a hannun mutum. Na ce Baba yi haƙuri (su ma Baba suke cewa, abin ya ban dariya), da Turancinsa da ɗan Indiyancin da na tsinta a fim muka zauna hira.

Yace abin da aka faɗa wa Arjuna shi ne aiki naka ne, sakamako ba naka ba ne, ka yi ka miƙa wa abin bautarka ka kau da kai, suna ce masa nishkam karma. Sai ya zo kan rai, atman, wai ba a haifarsa ba ya mutuwa, jiki kawai yake canzawa kamar riga ta tsufa a sa sabuwa. Nan na ce a'a Baba, mu mutuwa ɗaya ce, sai tashi da hisabi. Ko a jikinsa, ya dai girgiza kan nan nasu da ba ka gane e ne ko a'a.

Na tambaye shi to in ayyukan rayuwar baya ne suka tsara ta yanzu, ina zaɓin mutum? Sai ya kawo misalin maharbi. Kibiyar da ta riga ta bar baka ba mai dawo da ita, ita ce gidan da aka haife ka da jikin da ka samu, amma wadda ke hannunka yanzu kai ke da ikon inda za ka saita ta ko ka fasa. Yace shi Krishna ma da ya gama bayani cewa ya yi da Arjuna ya yi tunani ya aikata abin da ya ga dama. Na tuna musun da muke yi a islamiyya kan ƙaddara da zaɓi har malam ya ɗaga bulala.

Aƙidarsu daban tamu daban, wannan ba tantama. Amma maganar takalman ta tsaya min a wuya, don ikhlasi tun ina yaro nake jin wa'azinsa, kuma ga ni da wani dogon lissafi a waya, kuɗin biza, tikiti, haya, magani, duk abin da na kashe a jinyar nan na rubuta, na shirya turawa gurup ɗin 'yan gidanmu a WhatsApp, ba don a biya ni ba fa, don dai yayyena su san waye ya tsaya.

Da yamma muka zagaya Brahma Sarovar, ƙaton tafki mai matakala, ga mutum-mutumin keken doki na tagulla, na sha shayi mai citta na kama jirgin dare ni kaɗai. A hanya na buɗe lissafin na yi ta kallonsa, ban tura ba, ban kuma goge ba. Wajen Panipat Hajiya ta kira, tambayar farko wai na ci abinci kuwa.