Rigakafin mura a sashen gaggawa: abin da aikin jinya a Amurka ya koya mini

Tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa na asibitocin Amurka mayar da majinyaci don ba shi da kuɗi ko inshora. Shi ya sa wurinmu ya zama asibitin marasa gata: direban tasi, mai wanke-wanke a gidan abinci, tsohon da ke kwana a titi. Irin waɗannan idan ka ce musu su je wurin likitansu ya yi musu rigakafin murar infuluwenza, ka ɓata yawunka ne kawai, domin babu likitan. In ba a yi musu a nan ba, to sai dai baɗi.

Babban abin da na gane shi ne lokacin ɗauko maganar. Wanda ya shigo yana murƙususun tsakuwar ƙoda ba ya jin kira, balle nasiha. Sai ciwo ya lafa, yana kwance yana jiran sakamakon gwajin jini, ya gaji da latsa waya, sannan nake tambaya: "An yi maka allurar mura bana?"

Amsar da na fi ji ita ce, "Bara na yi, ita ta kwantar da ni." Ba na musu. Nakan ce ƙwayar cutar da ke cikin allurar ba mai rai ba ce, abin da aka fi gani tsamin dantse ne na kwana ɗaya ko biyu. Amma jiki na buƙatar kusan mako 2 kafin kariya ta kama, kuma wanda ya kamu a tsakani allura zai ɗora wa laifi. Ina kuma faɗa musu gaskiya cewa ba kullum take hana kamuwa ba, rage tsanani take yi. Ga mai asma, mai ciwon suga, mai juna biyu ko wanda ya kai shekara 65, wannan ragin ba ƙaramin abu ba ne. Mai zazzaɓi mai zafi kuwa, mukan bari sai ya warware.

Wasu abokan aiki na cewa wannan ba aikin gaggawa ba ne. A watan Janairu, gadaje har a baranda, ba na ganin laifinsu. Don haka Oktoba da Nuwamba muke dagewa, kuma allurar ta kasance a firijin sashenmu. In sai an aika ɗakin magani an ɗauko, kafin ta iso mutum ya karɓi takardar sallama ya kama gabansa.