Kaka ce mai riƙe da cokali

A ƙaramin asibitin da nake aiki, a wani ƙauye na ƙasar Gumel, kusan duk mai zuwa awo ta haddace karatunmu: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, kada a matse dakashi a zubar, nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da kunu har shekara 2. Zancen shekara 2 ba ya ba mu wahala, tunda yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. A kan ba jariri ruwa ne ake kai ruwa rana.

Aikin nan ya koya mini cewa mai jego, musamman a haihuwar fari, ba ita ke da ta cewa a kan ɗanta ba. Tana gidan iyayenta wankan jego, ga kunyar ɗan fari, ko ɗaukarsa a gaban manya nauyi take ji. Kaka ce ke yi masa wanka, ita ce kuma ke ɗura masa ruwa da cokali.

Ba da mugunta take yi ba. A zafin Afrilu wata dattijuwa ta tambaye ni, "Malama, babba ma ƙishirwa na galabaitar da shi, balle wannan ɗan talikin?" Tambayar mai tausayi ce, ta cancanci a zauna a tabarma a amsa ta, kuma ban yarda da masu yi wa irinta tsawa ba. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in ruwa ya cika shi sai ya rage tsotso, alhali tsotson ne ke kawo nono. Ruwan randa kuwa yakan zo da gudawa, gudawar ta kai yaro layin masu tamowa.

Don haka ba na ce wa kaka ta cire hannunta, aiki nake ba ta. "Inna, ruwan nan 'yarki za ki ba, ki ƙara mata kunun gyaɗa da miyar zogale, ki sa ta ba shi nono duk sanda ya nema, har cikin dare. Ke kuma ki riƙa ƙirga mana tsummansa. In ya jiƙa 6 ko fiye daga safiya zuwa safiya, ba ya jin ƙishi. In bai kai ba, kada ki jira ranar awo, ki kawo mini shi."