Leda, takarda da gam: abin da ke cikin mastar injin Riso

Duk wanda ya taɓa sa naɗin masta a injin bugu na Riso, Duplo ko Ricoh ya san fuska biyu gare ta. Masta ita ce shimfiɗar da injin ke hudawa da siffar abin da za a buga, ya naɗe ta a jikin gangar tawada. Ɗaya leda ce sumul mai ɗan ƙyalli, ɗaya kuma mai kaushi-kaushi kamar takardar jakar ganyen shayi. Abin da ido bai gani shi ne na ukun da ke tsakaninsu, wato gam ɗin da ya riƙe su. A cikin ukun shi ne mafi ƙanƙanta a nauyi, sau da yawa bai kai giram ɗaya a murabba'in mita ba, amma a ganina rabin matsalolin da ake ɗora wa tawada ko ganga daga wurinsa suke tasowa.

Dabarar sitansil kanta tsohuwa ce. Tun a 1881 David Gestetner ya fito da alƙalaminsa mai ɗan gare da ke huda takarda mai shafin kaki, tawada ta bi ta hudojin. Abin da ya canza daga baya shi ne hanyar huda. Kamfanin Riso na Japan ya fito da ƙaramar na'urar bugu Print Gocco a 1977, inda walƙiyar ƙwan fitila ke zafafa baƙin kabon da ke jikin zane, zafin ya narkar da ledar daidai wurin. Injin Risograph ya biyo baya a 1980, kuma a cikin shekarun 1980 ɗin aka koma amfani da kan zafi, wani dogon layi na ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi da lantarki, kowanne yana kunnuwa ya mutu cikin ɗan abin da bai wuce 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa ba. Wannan sauyi ne ya tilasta wa masu yin masta sake tunani, domin zafin kan bai kai ƙarfin na walƙiya ba, kuma yana taɓa ledar kai tsaye.

Ledar yau kusan duk ta poliyesta ce, kaurinta tsakanin maikiron 1 zuwa 2 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Gashin mutum yana tsakanin maikiron 50 zuwa 100, ka ga ke nan sirantar da ake magana. Tun da nauyin poliyesta kusan giram 1.4 ne a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri, leda mai kaurin maikiron 1.5 ba ta wuce giram 2.1 a murabba'in mita ba. Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: ba ƙonewa ce ke buɗe hudar ba. A masana'anta an ja ledar ta tsawo da ta faɗi tana da ɗumi, aka sanyaya ta a miƙe, don haka kullum tana neman komawa yadda take. Da zafi ya tausasa tsakiyar ɗigo, sai ledar ta tsuke ta ja baya zuwa gefe, rami ya buɗe, narkakken ya taru ya yi masa baki kamar zobe. Poliyesta ta yau da kullum sai wajen digiri 250 zuwa 260 take narkewa, shi ya sa ake gauraya ta masta da wasu sinadarai don ta narke da wuri, ta kuma fi tsukewa. Amfanin ke nan, illar kuma ita ce leda mai saurin jin zafin kan injin tana saurin jin zafin ko'ina, har da na tandun busar da gam da na ɗakin ajiya.

Takardar da ke bayanta aikinta biyu: ta ɗauki nauyin ledar da ba za ta iya tsayuwa ita kaɗai ba, kuma ta bar tawada ta wuce. Yawanci ana yin ta da zaren abaka, wata 'yar'uwar ayaba da ake nomawa a Filifin, a haɗa da siraran zaren poliyesta. Nauyinta kan kama daga giram 9 zuwa 13 a murabba'in mita, kaurinta maikiron 30 zuwa 50. Zaren abaka dogo ne mai ƙarfi, amma yana shan laima ya kumbura. Na poliyesta ba ya shan ruwa kuma ya fi siranta, sai dai ba ya kama ɗan'uwansa da kansa yadda zaren tsiro ke yi. Shi ya sa ake gauraya su, a ƙara da sinadarin da ke hana takarda wargajewa in ta jiƙe, domin tawadar waɗannan injuna ruwa ce da aka tarwatsa cikin mai, kuma takardar za ta zauna a cikinta har ƙarshen aiki.

A nan lissafi ɗaya yake bayyana komai. Kan zafi mai ɗigo 600 a inci ɗaya, tazarar ɗigo da ɗigo maikiron 42 ce. Mai 400, maikiron 63 da rabi. Mai 300, kusan 85. Zaren abaka guda ɗaya faɗinsa kan kai maikiron 20 ko kusa da haka. Ke nan zare ɗaya da ya gitta bayan rami a masta mai ɗigo 600 ya riga ya rufe kusan rabinsa tun kafin a yi maganar gam. Tawada tana iya zagaye zare tsirara ta haɗu a ƙasansa. In kuwa gam ya yi masa fiffike a gefe da gefe, ko ya shimfiɗa tantani tsakanin zare biyu da suka gitta juna, to hanya ta toshe. Abin da za ka gani a bugu shi ne fararen ɗigogi da sawun zare a cikin baƙi mai faɗi.

Saboda haka abin da ake nema daga gam ɗin masta yana cin karo da juna. Ana so ya kama poliyesta mai santsi, ya kuma kama zare mai kaushi. Ana so ya jure mai, ruwa da sinadaran da ke cikin tawada na tsawon bugu dubbai. Ana so kada ya hana leda tsukewa lokacin huda. Ana so ya bushe ba tare da zafin da zai taɓa ledar ba. Gam mai narkewa da zafi yana ba huda hanya, amma tawada kan tausasa shi. Gam mai daskarewa dindindin yana jure tawada, amma ba ya narkewa, in ya yi yawa sai ya riƙe ledar ya hana ramin buɗewa, ya kuma shanye zafin da aka tanadar wa ledar. Mafita ɗaya ce na gamsu da ita: gam mai ƙarfi, ɗan kaɗan ƙwarai, a daidai wuraren da zare ya taɓa leda kawai.

Tsohuwar hanya ita ce gam ɗin binil asitet da aka narkar cikin sinadari mai tashi irin su metanol. Ana shafa shi a ledar, a ɗora takardar tun yana jiƙe, sannan a bi da su ta tandu mai ɗan ɗumi, sinadarin ya fice ta kofofin takardar. Hanya ce mai sauƙi, kuma wannan gam yana laushi da zafi, don haka bai cika hana huda ba. Matsalarsa biyu. Tun da ruwa-ruwa ne, zaren takarda kan zuƙe shi kamar yadda lagwani ke zuƙar mai, sai a rasa isasshe a wurin haɗuwa, dole a ƙara yawansa zuwa giram 1 ko 2. Sannan yayin bushewa, shi ne ke barin wancan tantanin tsakanin zaruruwa. Ga shi kuma juriyarsa ga tawada ba ta kai ba, in masta ta kwana a jikin ganga, washegari ana iya tarar da ledar ta fara sakin takardar.

Gam ɗin poliyuretan mai daskarewa da laima ya gyara yawancin wannan. Babu sinadari mai tashi a cikinsa. A sanyi yana da kauri kamar zuma, sai a ɗumama shi ya saki, a bi da shi ta jerin rololi har ya zama shafi siriri, a taɓa shi a jikin takardar ko ledar, a haɗa su da matsi mara yawa, a naɗe. Daga nan laimar iska da wadda ke cikin takardar ce ke haɗuwa da shi ya daskare, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki a ɗaki mai ɗumi. Da wannan ana iya sauka ƙasa da rabin giram a murabba'in mita. Ka lura, rabin giram ɗin ma in aka baje shi daidai wa daida ya kai kaurin kusan rabin maikiron, wato kashi ɗaya cikin uku na ledar kanta, don haka ba ƙaramin abu ba ne ga kan zafi. Na fi son a shafa shi a takardar, domin a nan tozon zaruruwa kawai yake taɓawa, ledar da ke kan kofofi ta zauna tsirara. Abubuwan da ke ɓata wannan aiki sanannu ne. In gam ɗin ya yi zafi da yawa ya tsinke, zai nutse cikin takardar. In matsi ya yi yawa, zai ratsa ya fito ta baya, naɗin ya manne wa kansa. In takardar ta bushe ƙarau, daskarewa za ta yi jinkiri. In aka yanka naɗin kafin ya gama nuna, gefuna za su ɗaye. Kuma sinadarin aisosayanet da ke cikinsa kafin ya daskare yana jawo asma da ƙaiƙayin fata, don haka masu aikin shafa shi suna buƙatar iska mai fita da safar hannu.

Akwai kuma gam ɗin akrilik da hasken UV wanda ido ba ya gani ko harbin ilektron ke daskarar da shi nan take, ba tandu ba jiran kwanaki. Wasu masana'antun ma sun kauce wa gam gaba ɗaya, suna haɗa leda da shimfiɗar zaren poliyesta da zafi sannan su ja su tare, wasu kuma suna sa wani shafi na roba mai kofofi tsakanin leda da takarda don ya raba tawada daidai.

Lanƙwasar masta ma daga wajen haɗawa take farawa. In aka ja ledar fiye da takardar lokacin mannawa, da an saki sai ta koma, mastar ta naɗe ta fuskar leda. Laima ma haka take yi: takarda ta sha ta miƙe, leda ba ta motsa ba, sai a lanƙwashe ta fuskar leda. Iska mai bushewa kuwa ta fuskar takarda take juya ta. Masta mai lanƙwasa ita ce ke kasa shiga maƙallin ganga, ko ta hau da yamutsi, kuma kowane yamutsi layi ne a bugu. Don haka a bar naɗi cikin ledar da aka rufe shi da ita har ranar amfani, nesa da rana da duk abin da ke fitar da zafi. In an ɗauko shi daga wuri mai sanyi, a bar shi 'yan awoyi a ɗakin injin kafin a buɗe.

A saman ledar akwai shafi na huɗu, man silikon da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram a murabba'in mita ba, sau da yawa haɗe da maganin lantarkin gogayya. Shi ke hana narkakkiyar leda kama kan zafi. In ya yi kaɗan, mastar tana tirjiya wajen wucewa, hoto ya gajarce, ramuka su yage su haɗe. In ya yi yawa, yana komawa bayan takardar a cikin naɗi, kuma yana taruwa a jikin kan tare da ɓurɓushin leda.

Kafin a zargi masta, ga gwajin da ya fi kowanne amfani. A yi masta biyu daga hoto ɗaya mai baƙi da faɗi, a buga ashirin da kowacce, a kwatanta. In fari ya fito a wuri ɗaya a duka biyun, laifin na kan zafi ne, ko gilashin ɗaukar hoto, ko ragar ganga da ta toshe. Farin layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa kusan kullum datti ne a jikin kan zafi, ko ɗigo ya mutu. A kashe injin, a bar kan ya huce, a goge da tattausan ƙyalle da ɗan alkohol, kada a kusanto shi da ƙarfe. In kuwa fararen ɗigogin sun canza wuri daga masta zuwa masta, kuma suna da siffar zare ko dunƙule, to takardar ce ko gam. A ɗaga mastar da aka huda a gaban haske a duba da madubin ƙara girma: ramin da bai buɗe ba alama ce ta ƙarancin zafi ko yawan gam a ledar, wanda ya buɗe amma akwai wani abu mai ƙyalli a bayansa, tantanin gam ne.

Ƙarfin mannewa kuma da salatif ake gwada shi. A manna a fuskar leda, a ja a hankali. In ledar ta yage ko ta taho da zaruruwa, gam ya kama. In ta ɗaye fes ta bar takarda sumul, bai kama ba. Sai a maimaita da gutsuren da ya kwana cikin tawadar da za a yi aiki da ita, domin tawadar wani kamfani na iya tausasa gam ɗin mastar wani. Gam ɗin da tawada ta ci yana nuna kansa bayan bugu ɗari da yawa: siraran layukan da suka gitta shafi su fara kauri, tsakiyar haruffa irin o da a ya cike da baƙi saboda ɗan tsibirin ledar da ke wurin ya ɓalle, sannan tawada ta fara ɓullowa daidai inda gefen takardar bugu ke dukan mastar. In hoton gaba ɗaya ne ke zamewa ƙasa a hankali ba tare da haruffa sun lalace ba, wannan miƙewar takardar ce, kuma rage gudu ko matsin rola yakan sassauta ta.