Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Takardar jinina

Salamu alaikum 'yan uwa. Na san na yi alkawarin rigimar filin Tafo, ku yi min haƙuri, yau maganar Hajiya Babba ce ta tsaya min a wuya kuma sai na fitar da ita.

"Ragwanci ba shi da asibiti." Haka Hajiya Babba, uwar mijina, take faɗa, Allah ya jiƙanta, ta faɗa da safe ta faɗa da dare, in ta gan ni na jingina da bango ina haki sai ta juya wajen facalata ta maimaita su yi dariya. Ni da nake tashi tun kafin kiran sallar farko in ɗora tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, in wanke karan dafi, in soya shito, yajin nan da ake soyawa da mai, gari na wayewa ina bakin titin Aboabo a Kumasi da layin mutane a gabana, ni ce wai raguwa. Olsa kuwa tun kafin in haifi na biyu nake da ita, kowa a gidan ya sani, amma tunda ciwo ne da ba ya kwantar da mutum lokaci ɗaya sai aka mai da shi halina. Ciki ya ɗau zafi in jefa omeprazole in ci gaba. Baya ya riƙe Hajiya ta aiki yaro kemis ya sayo min diclofenac, ta ce sha ki tashi, abincin mutane ba zai dafa kansa ba.

Shekarun da suka biyo baya ban ma iya jera su. Abin da na riƙe shi ne jiri, da zuciya mai bugawa fat fat in na hau 'yar gada a kasuwar Kejetia, da kwaɗayin ayilo, farar ƙasar nan da masu ciki ke ci, ni ba ciki gare ni ba amma sai in ƙulle ta a bakin zani ina gutsura a ɓoye. Aka ba ni malt da madara, aka tafasa min karan dafi, wata maƙwabciya Asante ta kawo abeduru, wani irin ƙaramin gauta, ta ce yana ƙara jini, Allah ya saka mata, ita kaɗai ta kalle ni ta ce Maame ke ba lafiya gare ki ba.

Ranar da na faɗi gaban murhu ƙanina ne ya saka ni a taksi, ba mutanen gidan ba. Likitar yarinya ce, ba ta fi 'yata ta fari da yawa ba. Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta juya tafin hannuna, ta tsaya kan farcena da suka lotsa a tsakiya, sannan ta rubuta gwaji. Da takarda ta fito ta zagaye wani layi da biro, Hb, wato awon ƙarfin jini, ta ce na mace bai kamata ya sauka ƙasa da 12 ba, nawa 7 da ɗigo ne, ta ce Mma da ƙafarki kike zuwa kasuwa a haka? Wallahi kuka na fashe da shi, ba don tsoro ba, don dai yau ga wani ya tambaye ni.

Toh daga nan aka shiga neman inda jinin yake tafiya, kuma wannan ya fi faɗuwar wahala. Aka duba maleriya, aka duba sikila, tsutsar ciki, ciwon hanta hepatitis B da ake yawan samu a wajenmu, duk babu. Wasu gwajin katin inshora ya ɗauka, wasu sai lab na waje da kuɗin hannu, kuɗin susu na, wato adashi, da nake tarawa don sayen firiza a nan suka tafi. Na ferritin ya nuna ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ta jikina ta ƙare ƙaf, ƙwayoyin jinin ma sun ƙanƙance, ta ce shi ya sa nake cin ƙasa, jiki ne ke nema. Bitamin B12 shi ma ya yi ƙasa. Sai ta rage murya ta tambaye ni kalar bahayana. Na ji kunya sosai, ƙanina na tsaye, ta sa ya fita, na ce mata wani lokaci baƙi ƙirin yake fita kamar kwalta ga wari, ta ajiye biro ta ce wannan jini ne, gyambon ne ke tsiyaya a ciki kaɗan kaɗan. Ta ce me kike sha na ciwon jiki, na faɗa mata. Ta ce diclofenac da ibuprofen da aspirin mai olsa ba ya kusantarsu, su ke cinye bangon ciki, omeprazole kuma in an daɗe ana sha ba likita yana rage ruwan tsamin da jiki ke buƙata kafin ya tsotsi ƙarfe da B12 daga abinci. Kun ga ke nan jini na zuba ta nan, hanyar mayar da shi kuma a toshe.

Ragwanci ba shi da asibiti. Ga shi kuwa asibiti ta samo shi har da lamba.

Na tuna mahaifiyata ma haka aka yi mata a Bawku, ana cewa son jiki gare ta har ta kwanta, wannan sai wani makon, in na fara ba zan gama ba.

Aka tura ni hoton ciki na tiyo, in zo ban ci komai ba, suka fesa min wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, suka sa min roba a baki na kwanta ta hagu, ina ji tiyon na sauka ina kakari nas na riƙe da kaina tana cewa yi numfashi ta hanci. Suka ga gyambon, suka ɗebi ɗan nama, aka samu ƙwayar cutar H. pylori. Ashe tun 1982 wasu likitoci biyu a Ostireliya suka gano ita ke kawo yawancin olsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2005, mu muna zango ana ce mana yunwa ce da yaji da yawan tunani. Maganin kwana 14 ne, amoxicillin da clarithromycin da omeprazole, bakina ɗaci kamar me amma ban tsallake ko ɗaya ba. Ƙwayar ƙarfe kuma aka ce in sha da lemun zaƙi, kar in haɗa da shayi don yana hana ta shiga jiki, kuma ita ma tana baƙanta bahaya kar in firgita. Da za a sake gwajin bahaya a ga ko ƙwayar ta mutu sai da na ajiye omeprazole sati biyu, in ba haka ba gwajin yana iya nuna babu alhali tana nan.

Takardar na kai wa Baban yara na ce ya karanta a tsakar gida da ƙarfi, ya fara noƙewa, na ce yadda aka zage ni a gaban kowa haka za a wanke ni. Ya karanta. Hajiya ta ce to Allah ya sawwaƙe ta shige ɗaki, har ta bar duniya ba ta ƙara kalma ɗaya a kai ba, ni kuma na yi jinyarta da hannuna, mutanen layinmu shaida ne. Na yafe mata, amma facalata tana raye kuma ba ta nemi yafiya ba.

Yanzu Hb ɗina ya haura 11, allurar B12 ce nake zuwa karɓa, ƙafafuna har yau suna min tsiyaki da dare. Abin da ya tayar min da wannan duka, ranar Juma'a na kama 'yar facalar tawa bayan ɗaki tana gutsurar ayilo, na ja idonta na duba fari fat, na ce wa uwarta ki kai yarinyar nan a auna jininta. Ta ce in ji da kaina, 'yarta lalaci ne kawai ke damunta. Litinin in Allah ya kai mu ni zan kai ta da kuɗina, in ta ga dama ta kai ƙarata wajen Baban yara.