Mai Jiran Faɗuwar Rana

Duk wanda ya shigo shagona, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne babban hoton da ke rataye a bayan teburina: kwale-kwale guda a tsakiyar ruwa, masunci a tsaye ya wurga birgi, sama ta yi jawur kamar garwashi. Mutum zai tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wannan wace ƙasa ce?" In na ce Tiga ce, nan kudu da Kano, wasu har musu suke yi. Hoton biki da na fasfo duk muna yi, amma abin da aka san mu da shi hoton ƙasa ne, wato kogi da dutse da gona da faɗuwar rana.

A Tigan nan abin ya kama ni. Ina yaron shago a lokacin, zamanin fim, maigidana (Allah Ya jiƙansa) ya tafi da ni ɗaukar wasu ɗalibai da suka je yawon buɗe ido a madatsar, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, kowane ɗaya a ƙirge yake. Da aka gama aiki saura uku, ya miƙa min kyamararsa Yashica in riƙe, ya tafi alwala. Na juya na ga rana tana sauka kan ruwan, ban san sanda na ƙarar da ukun ba. Da aka wanko su, biyu baƙi ƙirin, ɗaya kuma fari fat. Na zaci duka zan sha. Sai ya jera su a kan benci ya ce, "Kai ɗan nan, idonka ya ga abu, amma hannunka bai san shi ba tukuna. Ka auna hasken sama, ka bar ƙasa ta yi duhunta." Har yau da wannan maganar nake aiki. Shi ya sa masuncin da ke cikin hotona baƙar inuwa ce kawai, sama ce ke ɗauke da launin.

Abin da mai saye bai sani ba shi ne rana a ƙasarmu ba ta jira. Muna kusa da tsakiyar duniya, saboda haka a miƙe take faɗuwa, kuma tsakanin ɓacewarta da duhu bai fi minti 20 da ɗoriya ba. A Disamba wajen ƙarfe 6 ta tafi, a Yuli kuwa takan kai kusan 7 saura. Tun la'asar nake isa wurin, in zaga, in zaɓi inda zan kafa ƙafar kyamara, in duba ko akwai giginya ko kuka da za ta tsaya min a gaba. Kuma mafi kyawun launi ba lokacin da ƙwallon ranar ke sama yake zuwa ba, sai bayan ta nutse, sa'ad da shafaƙi ya bazu. Wannan jan da malamanmu suka ce in ya ɓace lokacin isha ya shiga, shi nake farauta. Ina yin magariba a bakin ruwa, kyamara na tsaye a gefe a saite, ina sallamewa in miƙe. Sau da yawa hoton da ya fi kowane kyau a waɗannan 'yan mintunan na samo shi, lokacin da masu waya duk sun kama hanyar gida.

To, bayan duk wannan, sai wani ya shigo ya nuna hoto ya ce, "Haba Malam, ai rana ce ta Allah, me ka kashe?" Wani Alhaji ya taɓa cewa ɗansa ma zai ɗauko masa irinsa da waya. Na ce, "Alhaji, Allah Ya ba shi sa'a, amma wannan sai da na je sau 7 kafin na samu." Wallahi abin yana min ciwo. Ba a yi wa maɗinki irin wannan tayin, ba a cewa ai zare ne kawai.

Kowane lokaci na shekara da irin haskensa. Da hunturu, hazo kan cinye rana tun ba ta kai ƙasa ba, ta zama fara sol kamar faifai, kana iya kallonta da ido. Mutane na cewa ba lokacin hoto ba ne, ni kuwa ina son sa, don duwatsu kan jeru a bayan juna kowane ya fi na gabansa dishi-dishi, gawo kuma a lokacin yake da ganye shar alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Sai dai ƙura maƙiyiyar kyamara ce. Ba na canza gilashin kyamara a fili da hunturu, a cikin mota nake yi, kuma a cikin tsumma mai tsabta nake naɗe ta, don ƙwayar ƙura ɗaya in ta shiga ciki, za ta fito ɗigo a kan kowace sama da ka ɗauka. Da marka kuwa, a Agusta zuwa Satumba, in aka yi ruwa da la'asar aka ɗauke, iska ta wanku tas, gajimare ya kama wuta daga ƙasa. Wannan shi ne kakar mai hoto. Sai Oktoba, da zangarniyar dawa ta nuna, hasken yamma ya bi ta kanta kamar an zuba zinare.

Ruwa ma kowane da halinsa. Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu a jihar Neja, da damina ruri take, ruwan ja, feshi na jiƙa gilashi kana gogewa. A nan nake rage saurin kyamara, in bar idonta a buɗe kamar rabin daƙiƙa, ruwan ya fito kamar audugar da aka shiɓe, duwatsun kuma a tsaye daram. Ba a yin wannan da hannu, ko numfashi ka ja ya lalace. Kogin Matan Fada a Argungu kowa ya san shi da ranar bikin kamun kifi, wanda aka faro tun 1934, dubban mutane da koma da gora. Ni na fi son sa bayan taro ya watse, da sanyin safiya, ruwa kwance ba motsi. Amma inda zuciyata take shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. Tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai a nan suke sauka, su haɗu da dinya da zalɓe da kirinjijiya na gida. Wani tsohon masunci ne ke tuƙa ni. Ranar farko na matsa masa mu kusanci garken, ya ce, "Yaro, tsuntsu ba a zuwa masa, zama ake yi ya zo." Muka laɓe a bakin ciyawar kachala fiye da awa biyu, sauro na cizo. Da rana ta sunkuya suka tashi gaba ɗaya suka ratsa ta gabanta. Na ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri." Duk garin da na je kuma sai na fara gaida masu wurin, in akwai Sarkin Ruwa in nemi izini, kuma ba na ɗaukar mata a bakin rafi.

Wannan hoton na tsuntsaye shi ne aka fi sace min. Na sa shi a Facebook, ba a yi wata ba na gan shi a kasuwa, an yanke sunana, an buga shi a kan ledar allon talla, an ƙara masa ja har ruwan ya koma kamar manja. Masu wannan aikin ba su taɓa kwana a bakin ruwa ba. Wasu ma hoton wata ƙasa suke saukowa daga intanet su rubuta sunan garinmu a ƙasa, ga itatuwan da ba sa tsirowa a nan. In ka rataye irin nasu, kafin shekara ta zagayo jan ya gudu, ya bar maka shuɗi-shuɗi.

Mu a nan, takardar hoto ta gaskiya muke amfani da ita, mai kauri, da tawadar da ba ta koɗewa. Na sha mayar da kaya ga dillalin da ya kawo min jabu a cikin kwalin asali, don da na shafa bayan takarda nake ganewa. Kowane hoto sai na buga ɗan ƙarami na gwada shi a hasken rana kafin in buga babba, kuma ba na ƙara launin da idona bai gani ba a wurin. Firam ɗinmu na katako ne, kafinta ɗaya ke yi min shekara da shekaru, da gilashi a gaba, a liƙe bayan da kyau don ƙura da gara. A bayan kowane hoto ina rubuta wurin da watan da na ɗauka da hannuna.

Masu sayenmu akwai ofisoshi da otal-otal, akwai amare masu son abin da za su sa a falo, amma waɗanda suka fi taɓa ni 'yan ƙasarmu ne mazauna waje. Wata Hajiya ta aiko a yi mata birnin Kano daga kan Dala da almuru, da Goron Dutse a gefe, ta ce a unguwar da ke gindin dutsen aka haife ta. Sau uku na hau, hazo na hana ni. Na ce ta ƙara haƙuri sai ruwan farko ya sauka ya kwantar da ƙura. Shamuwa ta riga ta iso, jiya ma na ga hadari ya haɗo ta gabas, don haka na caja batura, na goge gilasai, jakar tana nan a bakin ƙofa.