Falken da ke gudun kasuwa

Har yanzu akwai fakiti 40 na karta a ƙarƙashin gadona. Duk lokacin da na durƙusa neman takalmi na gan su, sai raina ya ɓaci.

Wasan da na ƙirƙira a kan fataucin goro ne. Ayari ya tashi daga Kano da kanwa da tufafi, ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja, ya juyo da huhunan goro. Na zana madugu, jagaba, jakuna, zango, har da katin fito inda ake biyan masu kwalekwale. Zane kam ya fita. Da aka zo kan dokoki sai ƙyuya ta kama ni, na ce ga Whot nan kowa ya iya, tun 1935 aka ƙirƙiro ta a Ingila kuma har yau tana ci a majalisunmu. Na kwaso dokokinta na ɗora wa fatakena, na kai wa mai buga takardu tun ban gwada da kowa ba sai ƙannena biyu, waɗanda ba sa iya ce mini a'a.

Ranar da na baje ta a ƙofar gida bayan la'asar, Kawu ya zauna. Zagaye na uku aka jefa masa "ɗauki biyu", yara suka fashe da ihu. Ya ɗauka, ya duba, goro ne da kanwa. Ya ce, "Kai yaro, wane falke ne yake baƙin ciki don an ƙara masa kaya?"

Na rasa ta cewa. A Whot wanda ya fara ƙarar da katinsa shi ya ci, kuma a tura ka kasuwa horo ne. Ni kuwa katin hannunka shi ne dukiyarka. Wato na yi wasan fatake inda gwani shi ne wanda ya zubar da hajarsa a hanya ya isa gida hannu rabbana, yana gudun kasuwa kamar mai bashi.

Gyaran daga goron kansa ya fito. Goro ba ya son bushewa, sai da ganye da yayyafin ruwa. Sai na sa katin goro ya lalace bayan zagaye uku in ba ka da katin ganye. Jaki ɗaya kati huɗu yake ɗauka, ba ƙari. Wanda ya shigo kasuwar Kurmi ta Kano da goro mafi yawa mai kyau shi ya ci. Nan da nan mutane suka fara ciniki a tsakaninsu, "ba ni ganye in ba ka kanwa biyu", abin da ban ma rubuta a doka ba.

Wannan karon da kwalin taliya da biro na gwada, sati shida, da mutanen da ba sa jin kunyata. Da haka na yi tun farko! Tsofaffin fakitin ba su gyaruwa, domin lambobi da alamomin Whot na buge a kusurwar kowane kati. Kawu ya karɓi ɗaya, yana fifita da katin madugu.