Ajiye aiki da wuri, a tafi waje a yi me?

Yayana ya ajiye aikin gwamnati yana ɗan shekara 52, yanzu ba shi da zance sai na komawa Kumasi ya buɗe shagon takalman fata irin namu na Sakkwato. Na ce, Yaya, shiga Ghana daban, kafa shago daban. Fasfo ɗin ECOWAS zai ba ka kwana 90 ba biza, amma dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'i, kamar tallar kasuwa, aski da tasi. Baƙon da zai yi saye da sayarwa kuwa, dokar ta ce ya zo da jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Ghana 20 aiki. Da wane fanshon? An sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasin kan wannan.

Ƙasar Tailan ma da ake yabo wajen zaman ritaya, bizar masu ritaya daga shekara 50 take, kuma ta hana aiki.

Ni dai shawarata, ya riƙa sayen jar fata a nan, ya sami amintaccen ɗan Zango, wato unguwar Hausawa ta Kumasi, ya sayar masa a can. Har yanzu bai amsa ba, wai yana lissafin kuɗin mota.